Daga Igbo-Ora Zuwa Shikago: Wa Hawan Jini Ya Fi Kamawa?

Mun so a wannan mako mu ci gaba da bayanin yadda jini yake zagaya jiki, sai ga wasiƙa daga wani ƙanenmu ɗan aji biyar, wadda muka ga bai kamata ta jira ba. Ya roƙi kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amince. Ga abin da ya rubuto:

"Yaya, Babanmu direban motar haya ne, shekarunsa ba su kai hamsin ba. A azumin bara ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita ya ce hawan jini ne. Cikin masu zuwa dubiya wasu suna ta mamaki, wai ai wannan ciwon masu kuɗi ne. Wani kuma da ya yi karatu ya ce a'a, ciwon baƙar fata ne, a jininmu yake, ko a Amurka ma baƙaƙe ya fi kashewa. To Yaya, in a jini yake, ke nan ni ma ina nan ina jiran nawa?"

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ƙanenmu, amsar a gajarce ita ce a'a, ba jiran naka kake yi ba. Sai dai mai maganar Amurka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ya tsaya ne a rabin hanya, don haka bari mu ƙarasa masa tafiyar.

Da farko mu tuna mene ne hawan jinin. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuma su ne tiyon da take tura jini a ciki. In aka ɗaura wa mutum abin awo a damtse ana samun lambobi biyu: ta sama ita ce ƙarfin turin lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80. Idan aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, to an ce mutum yana da hawan jini. Ku ɗauki misalin tiyon ban-ruwa da aka ƙure wa inji shekara da shekaru: wata rana ko ya fashe ko ya toshe. In hakan ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In a jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar ne, shi ne bugun zuciya. ('Yan ajin Bayoloji ku riƙe wannan: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, saboda haka ciwon Baba a hagu ya faru.) Mugun abin shi ne hawan jini ba ya ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ɗauke da shi ba su ma san suna da shi ba.

Ba a daɗe da fahimtar wannan ba. A watan Afrilun 1945 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya mutu yana da shekara 63, bayan jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, awon jininsa a ranar ya kai wajen 300 bisa 190. Shugaban ƙasa guda, da likitocinsa, amma ba su da wani ingantaccen magani da za su ba shi. Bayan shekara uku, a 1948, aka fara wani bincike a wani ƙaramin gari mai suna Framingham. Aka ɗauki mutum 5,209, ana auna su duk bayan shekara biyu, ana rubuta wanda ya kamu da wanda ya mutu. Daga nan duniya ta samu jerin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon zuciya, waɗanda yanzu suke cikin littattafanku: hawan jini, shan taba, yawan kitse a jini, ciwon suga, ƙiba da rashin motsa jiki.

Sai dai kusan duk mutanen Framingham farar fata ne. Aka daɗe ana auna kowa da ma'auninsu, alhali likitocin Amurka suna gani da idonsu cewa baƙaƙen fata sun fi kamuwa da hawan jini, suna kamuwa da wuri, kuma ya fi yi musu ɓarna. Sai a shekarar 2000 aka fara wani babban bincike irin wannan kan baƙaƙe zalla, mutum kusan 5,300, a birnin Jackson na Jihar Misisipi. Alƙaluman ƙasar ba su da daɗin ji. A 2019, kafin annobar korona ta dagula lissafi, ana sa ran jaririn farar fata zai rayu shekara kusan 79, na baƙar fata kuwa kusan 75, kuma ciwon zuciya da na jijiyoyi na kan gaba cikin abubuwan da suka cinye waɗannan shekaru huɗu. Har zuwa nan, mai dubiyar Baba yana kan gaskiyarsa.

Me ya sa? Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce gado ne. Har an taɓa kawo wani bayani mai ɗaukar hankali a wajejen 1991, cewa a zamanin cinikin bayi, waɗanda jikinsu ya iya riƙe gishiri su ne suka tsira daga gudawa da ƙishirwa a cikin jiragen ruwa, sai suka gadar wa jikokinsu jiki mai riƙe gishiri, shi kuma gishiri yana ɗaga jini. Labarin ya yi daɗin faɗa, ya shiga jaridu da talabijin. Amma masanin tarihin cinikin bayi Philip Curtin ya duba takardun zamanin ya ce ba su goyi bayan wannan zance ba, kuma har yau ba a kawo hujjar da ta tabbatar da shi ba.

Wani likita mai suna Richard Cooper, na Jami'ar Loyola da ke gefen birnin Shikago, ya bi hanyar da muke ganin kowane ɗalibin kimiyya ya kamata ya koya. Ya ce in har abin a jini yake, to mu koma inda jinin ya fito mu auna. Yawancin kakannin baƙaƙen Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, an sauke wasu a tsibiran Karibiyan, an wuce da wasu Amurka. Shi da abokan aikinsa, har da likitocin Jami'ar Ibadan, suka auna mutum kimanin dubu goma da hanyar awo iri ɗaya: a Najeriya da Kamaru, a Jamaika da Barbados da Sen Lusiya, sannan a Maywood, wani gari na baƙaƙe a bayan Shikago. Cikin wuraren da suka yi aiki a Najeriya akwai Igbo-Ora ta Jihar Oyo, garin nan da ya yi suna wajen haihuwar tagwaye.

An wallafa sakamakon a 1997. A Afirka ta Yamma, kashi 16 cikin 100 na manya ne ke da hawan jini, a ƙauyuka ma bai kai haka ba. A Karibiyan kashi 26. A Amurka kashi 33. Ku sake karanta lambobin nan a hankali. Tushe ɗaya, launi ɗaya, amma ciwon yana hawa kamar matakala yayin da ake nisa da gonar Igbo-Ora ana kusantar titin Shikago. Da a launin fata abin yake, da manomin Igbo-Ora ne zai fi kowa, domin jininsa bai gauraya da na Turawa ba kamar na yawancin baƙaƙen Amurka. Sai ga shi shi ne a ƙasa. Da masu binciken suka duba abin da ya bambanta wuraren, sai suka ga abu biyu sun ɗauki kaso mafi girma: nauyin jiki, da kuma yawan gishirin da ake ci idan aka kwatanta da sinadarin fotashiyam, wanda ake samu a ganye da wake da dankali da ayaba.

Cooper bai tsaya nan ba. A 2005 ya jera alƙaluman ƙasashen Turawa kusa da na baƙaƙe. Baƙaƙen Amurka suka tashi da kashi 44, fararen Amurka kashi 27, 'yan Najeriya kashi 14. Wa kuke tsammani ya zo na ɗaya? Jamusawa, da kashi 55. Ba mu taɓa jin wani ya ce hawan jini ciwon Jamusawa ne ba.

To in ba launin ba ne, me ke faruwa da baƙar fata a Amurka? Mu tsaya a Shikagon. Wani nazari na Jami'ar New York a 2019 ya nuna cewa a unguwar Streeterville, ta masu hali a bakin tafki, ana sa ran mutum ya kai shekara 90. A unguwar Englewood, wadda kusan duk mazaunanta baƙaƙe ne, shekara 60. Tsakanin unguwannin biyu bai fi kilomita goma sha biyar ba, birni ɗaya, magajin gari ɗaya. Kuma ba haka kawai unguwannin suka tsinci kansu ba. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa jan launi a kan unguwannin da ta ce haɗari ne a ba da bashin gida a cikinsu, galibi kuwa unguwannin baƙaƙe da baƙin haure ne. Bankuna suka guje su. Wanda bai samu bashi ba bai mallaki gida ba, wanda bai mallaki gida ba bai bar wa 'ya'yansa gado ba. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje, amma bincike ya nuna yawancin unguwannin nan har yau sun fi talauci, sun fi ƙarancin bishiyoyi, sun fi zafi, kuma mazaunansu sun fi fama da ciwon zuciya.

Ku kwatanta rayuwar yaron da ya tashi a irin wannan wuri. Babban kantin da ake samun ɗanyen ganye da 'ya'yan itace yana da nisa, shagon soyayyen abinci da lemon kwalba kuwa yana ƙofar gida. Filin wasa babu tsaro, saboda haka a ɗaki yake wuni. Mahaifiyarsa tana aiki biyu, ɗaya na dare, barcinta bai cika ba. Ba kowa ke da inshorar lafiya ba, kuma a Amurka ganin likita ba tare da ita ba tsada ce ta fitar hankali. Ga kuma tsoron asibitin kansa, wanda yake da dalili: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar ta bar ɗaruruwan baƙaƙe masu ciwon tunjere a Tuskegee ba magani, don kawai a ga yadda ciwon zai ƙare da su. Duk waɗannan abubuwa suna komawa ne kan jerin nan na Framingham, wato ƙiba, suga, taba, da hawan jinin da ba a gano da wuri ba.

A 2023 masu bincike na Jami'ar Tulane suka gwada wannan da lissafi. Sun bi bayanan manya sama da 50,000, suka ga haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ya fi yawa da kashi 54 cikin 100 ga baƙaƙe. Da suka kwatanta baƙi da fari masu awon jini da suga da nauyi iri ɗaya, tazarar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Da suka kwatanta waɗanda yanayin rayuwarsu ya zo ɗaya, wato samun kuɗi, aikin yi, karatu, mallakar gida, wadatar abinci da inshora, sai tazarar ta kusa ɓacewa baki ɗaya. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fito da sabon tsarin ƙididdige haɗarin ciwon zuciya, ta cire tambayar launin fata daga ciki, ta ba likita damar sanya lambar unguwar da majinyaci yake zaune.

Wataƙila wani zai ce ai wannan matsalar Amurka ce da wariyarta. To bari mu je inda ba a maganar launi, kuma a nan ne za mu amsa wa masu cewa ciwon masu kuɗi ne. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall, sunan titin da ma'aikatun suke. Kusan dukkansu farar fata ne. Kowa yana da albashi, babu mai kwana da yunwa, asibiti kuma kyauta ne ga kowa tun 1948. A lokacin kowa ya ɗauka manyan sakatarori ne ciwon zuciya zai fi kayarwa, saboda nauyin da ke kansu. Da aka cika shekara goma aka ƙirga waɗanda suka mutu, sai aka ga akasin haka. Masinjoji da masu gadin ƙofa, waɗanda ke matakin ƙasa, sun ninka manyan sau uku wajen mutuwa.

Abin da ya fi ba Michael Marmot mamaki, likitan da ya yi nazarin alƙaluman, shi ne ba gida biyu aka rabu ba, na sama da na ƙasa. Matakala ce. Akawu ya fi masinja daɗewa, jami'in tsakiya ya fi akawu, babban sakatare ya fi jami'in tsakiya. Kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya. Gaskiya ne na ƙasa sun fi shan taba, sun fi ƙarancin motsa jiki, amma da aka cire tasirin taba da hawan jini da kitse da sauran sanannun abubuwa, ba su bayyana ko rabin tazarar ba. A zagaye na biyu da Marmot ya fara a 1985, da mata a ciki, ya gano wani abin da ba a aunawa da abin ɗaura wa damtse: yawan ikon da mutum yake da shi a kan aikinsa. Babban sakatare yana da aiki da yawa, amma shi ke tsara ranarsa. Masinja kuwa sai yadda aka yi da shi.

Yadda hakan ke shiga jiki ba sihiri ba ne. In kare ya biyo ku, jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, suga ya ƙaru, don ku samu ƙarfin tsira. In kun tsira komai ya koma daidai. Amma mutumin da kullum yake cikin fargabar kuɗin haya da kuɗin makaranta da tsawar maigida, tamkar karen bai daina bin sa ba ne. Muna tunanin direban da ya fita tun asuba, ya wuni zaune a bayan sitiyari cikin hayaƙi, abincinsa na tasha mai yawan gishiri da mai, ga balas da zai kai wa mai mota ko an samu fasinja ko ba a samu ba. A lissafin Whitehall, irin wannan mutum ne a sahun gaba.

Kada kuma mu zarce mu ce gado ba ya taka rawa ko kaɗan. Wanda iyayensa ke da hawan jini ya fi wanda nasa ba su da shi yiwuwar kamuwa, a kowace ƙabila. Akwai kuma bambancin da likitoci suka sani a wajen magani: wasu magungunan hawan jini sun fi wasu aiki a jikin yawancin 'yan Afirka. Wani gwaji da Dike Ojji, likitan zuciya na Jami'ar Abuja, ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi sauke jini. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma mun ji daɗi da ya fito daga gida. Amma gado kamar busasshiyar ciyawa yake, sai an kawo ashana take kamawa.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kashi 14 ko 16 ɗin nan na zamanin Cooper ya zama tarihi. Nazarce-nazarcen baya-bayan nan suna nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini. Jininmu bai canja ba cikin shekara talatin. Abin da ya canja shi ne mun koma birni, babur ya maye gurbin ƙafa, ɗunƙulen ɗanɗano ya maye gurbin daddawa, taliyar leda da lemon kwalba sun zama abincin 'yan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin ɗunƙule da burodi da yajin tsire. Tafiyar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru daga Igbo-Ora zuwa Shikago, mu muna yin ta ne a cikin garuruwanmu.

Kamuwa daban, tsira daban, kuma a wajen tsira ne talauci ya fi nuna ƙarfinsa. Wani bincike da Salim Yusuf na Jami'ar McMaster ta Kanada ya jagoranta ya bi mutum sama da 150,000 a ƙasashe 17. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya zo da abin da ba a zata ba. Mutanen ƙasashe masu arziki sun fi tara abubuwan haɗari a jikinsu, amma mutanen ƙasashe matalauta sun fi mutuwa. Cikin waɗanda babban ciwon zuciya ko shanyewar jiki ya kama, kimanin 7 cikin 100 ne suka mutu a ƙasashe masu arziki, a matalauta kuwa 17. Ciwo ɗaya, amma wani an gano nasa da wuri, yana shan magani kullum, motar asibiti ta zo cikin mintuna. Wani kuwa ranar da ya faɗi ita ce ranar farko da aka taɓa auna shi. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Maganin hawan jini kuma ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a huta. Duk mun san gidan da ake sayen na mako ɗaya, in jiki ya yi daɗi a ajiye, sai an ji ciwon kai a koma.

Akwai misalin da ya shafi Arewa kai tsaye. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, fiye da kusan ko'ina a duniya, aka ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Aka rubuta haka a littattafan likitanci, ya zama kamar ciwon al'adar Hausawa. A 2020 wani bincike na asibitoci da dama a faɗin ƙasar nan, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, ya nuna abubuwan da suka fi fitowa fili a matan da ke kamuwa su ne rashin karatun boko, rashin aikin yi, rama, da hawan jinin masu juna biyu. Wannan ba lasisin cika kanwa a kunu ba ne, domin mafi yawan kanwa sinadarin sodiyam ne, irin na gishiri. Amma kun ga an sake maimaita labarin Amurka: an fara kallon ƙabila, da aka duba da kyau sai aka tarar da talauci zaune a gindin maganar.

Wani ciwon kuma ku ne abin harinsa. Ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar bakteriya ke kawowa, in ba a yi maganinsa ba, yana iya komawa ya lalata ƙofofin da ke cikin zuciya, kuma ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, musamman inda ake kwana a cunkushe. Fenisilin, magani mai araha, yana tare shi. A ƙasashe masu arziki ya kusa zama tarihi, in ban da a cikin talakawansu, irin 'yan asalin Ostireliya. 'Yan makarantar kwana, in maƙogwaro ya yi zafi da zazzaɓi, ko gaɓoɓi suka kumbura bayan haka, ku je ɗakin shan magani, kada ku tsaya ga ruwan zafi da citta kawai.

Ba za mu yaudare ku da cewa rage gishiri zai gyara unguwa ko ya ƙara albashi ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma wasunku ne za su riƙe hukumar nan gaba. Amma akwai abin da aka gwada aka ga ya yi aiki ba tare da an jira an gina sabon asibiti ba. A Los Angeles, likita Ronald Victor ya lura baƙaƙen maza ba sa zuwa asibiti, amma ba sa fashin zuwa aski. Sai aka shiga shagunan aski 52, aka samu maza sama da 300 masu hawan jini. A wasu shagunan mai aski yana ba da shawarar a je a ga likita kawai. A sauran kuwa masanin magunguna ne yake zuwa shagon, ya auna mutum a kujerar aski, ya rubuta masa magani da yardar likitansa. Bayan wata shida, a sakamakon da aka wallafa a 2018, lambar sama ta sauka da maki 9 a rukunin farko, a na biyu kuwa da maki 27. Launin mutanen bai canja ba, unguwarsu ma haka. Magani ne ya je inda suke, ta hannun wanda suka yarda da shi. Da muka karanta wannan sai muka tuna da tashar mota, da majalisar mai shayi, da ƙofar masallacin Juma'a, da gidan suna.

Ƙanenmu, kai kam ka riga mutane da yawa sanin abin da za ka sa wa ido. Tunda Baba yana da shi, da zarar ka kai shekara 18 ka riƙa auna naka aƙalla sau ɗaya a shekara, ka nisanci taba da shisha, kada ka bar ƙwallo. Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne maganin Baba kada ya yanke ko da ya ji sauƙi, domin wanda ya taɓa samun shanyewar jiki yana cikin haɗarin samun na biyu. In kuɗin ya yi nauyi, a gaya wa likita a fili, sau da yawa akwai irin maganin mai rahusa. Umma ma a auna ta.

Sauran masu karatu, ga aikin gida. Ku tambayi manya biyu a gidanku yaushe rabon da a auna jininsu, kuma nawa aka samu. In sun ce ba su sani ba, ku raka su asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko kantin magani mai rajista, awon bai fi minti biyar ba. Ku rubuta lambobin biyu da kwanan wata a bayan littafinku. Ku aiko mana da adadin waɗanda kuka tarar ba a taɓa auna su ba, ban da suna, za mu tara mu kawo jimillar a wannan fili kafin 17 ga Mayu, Ranar Hawan Jini ta Duniya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zagayen jini, daga inda muka tsaya a ɗakin hagu na zuciya.